Motar da Ake Kira Saura Kaɗan

Hambali yana kwance a ƙarƙashin motar, baƙin mai na ɗiga masa a gefen kunne, ya ji wata murya daga sama tana cewa, "Sannu mai ƙafafu. Don Allah wannan mota ce ko akurki?"

Ya ja jiki ya fito da niyyar mayar da baƙa, domin ya gaji da irin wannan tambaya. Sai ya ga budurwa ce doguwa, fara, ta yafa mayafi ruwan toka, da jakar littattafai a hannu. Tana nuna masa wata kaza da ta kwanta a inda ya kamata kujerar baya ta kasance.

"Mota ce," ya ce. "Kazar haya take yi."

Ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Sunanta Zahara'u, tana koyarwa a firamaren Gwaram. Kiya-kiyar Maikano, ƙaramar motar haya, ita ce ta ɗauko su, ta zo bakin tashar Birnin Kudu ta yi tari biyu ta mutu, shi ne Zahara'u ta fake a inuwar garejin kafin a gyara.

"Yaushe motar taka za ta tashi?"

"Saura kaɗan."

Masu facin taya da ke gefe suka kwashe da dariya. Shekara uku ke nan yana ba da wannan amsa, har sunan ya bi motar. Duk Birnin Kudu ba wanda bai san Saura Kaɗan ba.

Morris ce, ta wani Baturen gona da ya tattara ya koma ƙasarsu shekarar da aka samu mulkin kai, ya bar ta a gindin tsamiya. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, shekara goma sha biyu. Hambali ya roƙa aka bar masa, ya jawo ta da shanun huɗa. Injinta ya riga ya mutu murus, sai ya dasa mata na tsohuwar Fijo. Fitilu daga Kano, lagireto daga Bauchi, wani ƙarfen kuma da ya rasa shi a ko'ina sai ya zauna da maƙeri suka ƙera. Da safe ya yi gyaran motocin mutane don ya ci abinci, da yamma ya shige ƙarƙashin tasa. Ya rame, bayansa kullum ciwo, kuma gaskiyar magana shi kansa ya fara gajiya da ita. Kunyar bari ce kawai ta riƙe shi.

Da kiya-kiyar ta tashi, Zahara'u ta waiwayo ta ce, "To Injiniya, Allah ya nuna mana ranar."

Ba wanda ya taɓa yi wa motar nan addu'a sai ita. Ranar Hambali ya ɗaure noti ɗaya sau uku yana kwancewa.

Maikano dattijo ne mai son zance, kuma kullum yana hanyar Gwaram. Shi ya zama gidan waya. Takardar farko da Hambali ya ba shi sai da ya ɓata huɗu kafin ta fito, duk da haka akwai shatin babban yatsansa na baƙin mai a gefe.

"Zuwa ga Malama Zahara'u. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da ke na sallami kazar. Tun ranar da kika tafi garejin ya yi mini faɗi. In ba laifi, ina so in riƙa gaishe ki. Ni ne, Hambali."

Amsa ta zo bayan kwana uku.

"Injiniya, na ga takardarka da hatiminka. Ba laifi. Amma ka riƙa cin abinci, na ga wuyanka kamar na zalɓe. Zahara'u."

Haka aka yi ta yi har damina ta wuce. In ta zo Birnin Kudu gaida goggonta Tani, sai ya wanke hannu da kananzir da sabulu ya je zaure su yi hira. Yana ce mata Malamata, tana ce masa Injiniya, in kuma ta so tsokana ta ce Mijin Morris.

"Ba kya jin haushin mutane na yi mini dariya?" ya tambaye ta wata rana.

"Ina ji mana. Amma na ga abin da kowa ya yar ka ɗauka kana lallashi shekara da shekaru. Na ce wannan in na tsufa ba zai yar da ni ba."

Hambali ya sunkuyar da kai. Daɗi ya kama shi.

Bayan an yi girbi ya tura kawunsa Malam Salihu wurin mahaifinta. Malam Manu Bafillace ne da kakanninsa suka daɗe da zama a gefen Gwaram, suna noma suna kiwo, har Fillancin ya fara kwanta musu a baki. Kafin shekarar fari garkensa ba ya ƙirguwa da tsayuwa ɗaya. Yanzu abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, amma mutumin yana nan da girmansa da ƙarancin maganarsa.

Malam Salihu ya dawo jiki a sanyaye.

"Ya karɓe ni da mutunci, har nono aka dama mini. Amma ya ce ya ji labarinka. Wai mutum ya shekara huɗu yana kiwon ƙarfe, ba nono ba maraƙi. Ya ce ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma shi ma ba za a yi masa dole ba. Ranar da motar ta zo Gwaram da ƙafarta, ka zo a yi magana. In Babbar Salla ta wuce ba ta zo ba, kada a sake tayar masa da zancen."

"Kawu, wata huɗu fa ke nan."

"Ni ma na iya lissafin wata, Hambali."

Ga kuma Dabo. Akawu ne a ofishin Gwaram, ƙarin albashin Udoji ya same shi ya fito da Fijo sabuwa dal, fara, ko ledar kujera bai cire ba. Shi ma ya tura manyansa gidan Malam Manu. A shekarun nan kowa sabo yake so, rediyo sabuwa, babur sabo, kwano sabo a kan ɗaki. Wa zai tsaya kallon mai tone-tonen bola?

Rannan Maikano ya tsaya zuba wa lagireto ruwa, bakinsa ya kasa haƙuri. "Jiya na ga Malamarka a Fijon Dabo, sun nufo nan."

Hambali ya ajiye sifana, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ji gajiyar shekara huɗu ta sauko masa gaba ɗaya. Mako biyu bai rubuta ko harafi ba, motar ma rufe ta ya yi da tamfol. Sai ga takarda.

"Injiniya, Maikano ya faɗa mini abin da ya faɗa maka, na kuma yi masa tatas. Ya gan ni, bai ga Inna da ke kwance a cinyata ba? Asibiti muka kai ta, zazzaɓi ya kayar da ita, motar Dabo ce kawai a kusa. Na yi masa godiya, na kuma gaya masa inda zuciyata take. Kai kuma ka bar ni ina zuwa bakin tasha kullum kamar mai sayar da gyaɗa. In ka gaji da ni ka faɗa. In da motar ka gaji, tashi ka ci gaba, saura wata uku. Taka, ko kana fushi, Zahara'u."

Kunya ta rufe shi. Ya rubuta mata, "Malamata, na yi wauta, ki yafe mini. Allah ya ba Inna lafiya. Na yaye tamfol." Ya kuwa yaye.

Watanni ukun nan Hambali ba zai so a maimaita masa su ba. Giya ta ƙi zama da injin, ya sauke ya ɗora sau shida. Birki ya riƙe ya saki. Fentin farko ya yi ƙuraje, ya kankare shi tas ya sake, shuɗi mai duhu da siririn farin layi a gefe. Yatsunsa suka farfashe, idonsa ya faɗa. Ranar da injin ya kama, wata Talata da hantsi, bai yi ihu ba bai yi tsalle ba. Kifa goshinsa ya yi a kan sitiyari yana jin motar tana rawa a ƙarƙashinsa, masu faci suna ta kabbara a waje.

Saura kujeru, kuma a nan ne yake da abin da yake taƙama da shi. A shekarar fari, lokacin da shanu ke zubewa a hanya mahauta suna yanka ba dare ba rana, ya sayi fatu uku ya kai wa majemi ya jeme su da gashinsu, ya adana. Yanzu ya fito da su ya kai wa Iliyasu baduku. Da biyu jajaye aka yi kujerar baya da ta direba. Ta ukun, fara mai manyan baƙaƙen dabbare, wadda ta fi kyau, ita ya ce a sa a kujerar gaba inda Zahara'u za ta zauna. Akwai wani tabo a jikinta kamar ƙafar kaza, Iliyasu ya ce a yanke, Hambali ya ce a bar shi, ado ne. A ransa yana cewa gidan masu shanu zai je, me zai burge su ya wuce wannan? Ko Zahara'u bai gaya wa ba, so yake ta gani da idonta.

Saura kwana tara Salla, ranar kasuwar Gwaram, Saura Kaɗan ta kama hanya da ƙafarta. Sau ɗaya ta tsaya, ya hura mata kafireta ta ci gaba. Ya shiga gari a hankali ya tsaya kusa da kara, inda ake cinikin shanu, domin ya san nan Malam Manu yake wuni.

Kasuwa ta watse ta dawo kansa. Masu hatsi suka bar buhuna, mata masu nono suka matso da ƙore a ka. Wani tsoho ya rantse ya san motar tun tana ɗaukar Bature. Ana shafa fenti, ana leƙa fuska a madubi, ana cewa a danna ham. Fijon Dabo na ajiye a gaban ofis ba mai kallonta. Shi Dabon ma ya zo ya zagaya sau biyu, ya ce, "Malam Hambali, ka yi aiki," ya tafi. Hambali yana ta amsa sannu.

Sai mutane suka dare. Malam Manu ya iso da sandarsa da malafa. Hambali ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi ya buɗe ƙofar gaba.

"Baba, bismilla. Ga ta ta zo."

Tsohon ya sunkuya ya leƙa. Bai shiga ba. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya miƙa hannu ya shafa fatar daga sama zuwa ƙasa, yatsunsa suka tsaya a kan tabon nan. Da ya ɗago, fuskarsa ta sauya.

"Zahara'u ta ga cikin motar nan?"

"A'a, Baba."

"Kada ta gani."

Ya juya ya ratsa mutane ya tafi, ko cinikin da ya baro bai koma ba. Aka fara ƙus-ƙus. Hambali ya tsaya riƙe da ƙofa. Shekara huɗu, ga abin da ya samu.

Bayan azahar ya tambayi hanya, ya tuƙa har bakin gonar Malam Manu. Ya same shi zaune a gindin kuka, kara a tare a gefe. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, in na yi laifi a gaya mini. Wallahi ban san abin da na yi ba."

Tsohon ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, "Ina ka samu fatar?"

"Wurin mahautan Birnin Kudu, shekarar fari."

"Wage ce." Ya numfasa. "Saniyar Zahara'u. Ranar sunanta na ba ta uwar, uwar ta haifi wannan. Tabon da ka gani ni na yi mata lalas da hannuna, tana maraƙa, da ƙafarta ta kumbura. A farin nan ta faɗi a hanyar Birnin Kudu ta kasa tashi, na kira mahauta. Yarinyar tana makaranta. Da ta dawo na ce mata Wage ta bi garken ƙanena Sada zuwa kudu. Shekara uku duk zuwan da za ta yi sai ta ce, Baffa, ya labarin Wage? In ce tana lafiya."

Shi Hambali a wurinsa fata fata ce, ja ko fara. Bai taɓa kawowa a ransa cewa makiyayi yana gane saniyarsa ko bayan ta zama kujera ba.

"A gidanmu," tsohon ya ci gaba, "in aka ɗaura wa yarinya aure, saniyarta ake korawa ta bi ta. Me zan kora? Da na ce ka gama mota, ai don an ce mini ba ta gamuwa ne. Dabon ma jan sa nake yi. Ba ƙin ka nake ba, yaro. Ranar nake gudu."

"Baba, a nemi wata mai kama da ita mana. Ni zan nema."

Malam Manu ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai bakanike ne. Kana ganin saniya fulogi ce, a cire a sa wani?"

Hambali ya tashi ya koma wurin motar. Ya tsaya yana kallon kujerar, ɗinkin Iliyasu ya zauna ɗas, ko zare ɗaya bai fita ba. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya bi ɗinkin a hankali yana farkewa, yana kiyaye kada ya taɓa gashin. Audugar ciki ta zubo, waya ta fito. Ya naɗe fatar ya kawo ya ajiye a gaban tsohon.

"Taka ce, Baba. Ko ka ajiye, ko ka binne, ko ka nuna wa Zahara'u. Ko ka ba ni aurenta ko ka hana ni, ba za ta ji daga bakina ba."

Tsohon ya zuba wa fatar ido. Hambali ya yi sallama ya koma Birnin Kudu, ƙarfen kujerar tsirara na ƙara a gefensa duk hanya.

Salla ta zo ta wuce shiru. Mutane na zuwa gareji kallon mota, yana buɗe musu ba ya ko tashi. Ya riga ya sallama. Kwana uku bayan Salla sai ga Maikano, wannan karon ba surutu, ya miƙa takarda ya tafi.

"Injiniyana, jiya Baffa ya kira ni ɗakinsa ya shimfiɗa Wage a gabana. Ya fara magana muryarsa ta ƙi. Na ce masa ya bari, na sani tun shekarar. Da na dawo hutu na tarar da ɗan maraƙinta ana ba shi ruwan dusa a ƙwarya. Wace saniya ce za ta tafi kudu ta bar ɗan wata biyu? Ina tambayarsa ne don kada ya gane na sani, shi kuma yana amsa mini don kada in sani. Shekara uku muna wahalar da juna saboda kunya. Jiya na yi kukan da ban yi ba, shi ma ya juya baya ya daɗe yana gyaran rawani. Ya ce ka turo Kawu ranar Juma'a. Ga fatar nan wurin Maikano a cikin buhu. Ka mayar da ita inda ka ciro ta, a kanta za a kawo ni, ta raka ni kamar yadda aka saba. Na gode da ka rufa wa Baffa asiri. Taka har abada, Zahara'u."

Hambali ya karanta sau biyu, ya share ido da bayan hannu ya bar baƙin mai a fuska. Iliyasu baduku kuwa da ya ga an dawo masa da aikin da ya gama, sai da ya yi mita ta wuni guda kafin ya zare allura.

An ɗaura aure bayan wata ɗaya a ƙofar gidan Malam Manu, aka raba goro da alewa, liman ya yi doguwar addu'a. Dabo ya zo, har ya ba da Fijonsa ta ɗauki 'yan rakiya. Da la'asar aka fito da amarya a lulluɓe. Ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta sa tafin hannu a kan kujerar na ɗan lokaci, sannan ta shiga. Goggo Tani da wata tsohuwa suka zauna a baya. Ba a saba ango ya tuƙa amaryarsa ba, amma ba mai iya lallashin giyar nan sai shi, dole aka ƙyale.

Uban amarya ba ya fitowa rakiya, tun bayan ɗaurin aure ba wanda ya ga Malam Manu. Sai da suka fita gari suka hango shi a bakin gonarsa, tsaye da sanda, kamar wanda ya zo duba kara. Hambali ya taka birki.

Tsohon ya matso. Bai kalli 'yarsa ba. Ya ɗora hannu a kan rufin motar.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa ku tsufa tare, ya ba ku zuri'a mai albarka. Zahara'u, ki riƙe shi. Hambali, amana."

"Na karɓa, Baba."

Daga cikin lulluɓi aka ji ta ce amin. Malam Manu ya bubbuga rufin sau biyu da tafin hannu, yadda yake yi wa saniya in ya sallame ta kiwo.

"To, ku tafi. A hankali, kada ku gajiyar da ita."